Tsuntsu mai jajayen ƙafafu na tafkin Sakumo

Tafkin Sakumo yana dab da Tema a gaɓar tekun Ghana, ɗaya ne daga cikin dausayoyin bakin tekun ƙasar da aka sa a yarjejeniyar Ramsar, ta kare dausayoyin duniya, a 1992. Can nake zuwa da sassafe lokacin hunturu, da 'yar tabaraun hangen nesa, ina kallon tsuntsayen da ke kiwo cikin taɓo.

Masu baƙi da fari suna da yawa a wurin, shi ya sa launi kaɗai ba ya raba gardama. Ni ƙafa nake fara dubawa. Wanda masana ke kira Himantopus himantopus ƙafafunsa jajaye ne, sirara, dogaye har sun fi ƙarfin jikinsa. Fukafukai da baya baƙi, ciki fari fat, baki kuwa miƙaƙƙe kamar allura. In ya tashi sama sai ka ga ƙafafun sun zarce wutsiya da nisa. Namijin bayansa baƙi wuluk mai sheƙi, na macen ya ɗan ja zuwa ruwan ƙasa, amma wannan sai rana ta haska sosai kafin ka tabbatar.

Akwai wani da ke rikita mutane, Recurvirostra avosetta, baƙo ne mai saukowa daga arewa lokacin sanyi. Nasa bakin a tanƙware yake sama, ƙafafunsa shuɗi-shuɗi. Ko daga nesa yanayin kiwo yakan raba su: wannan share ruwa yake da baki, dama da hagu, mai jan ƙafa kuwa takawa yake a hankali yana tsintar ƙwari da tsutsa ɗaya-ɗaya, yana shiga zurfin da ƙananan tsuntsaye ba sa iyawa.

Mai jan ƙafar nan ga shi da surutu, "kik-kik-kik" ba ƙaƙƙautawa da zarar ka matso. A ƙasa yake sheƙa kusa da ruwa, yawanci ƙwai 4. In ka ga yana jan fiffike kamar ya karye, wayo ne, so yake ka bi shi ka bar sheƙar. Da na ga haka nakan ja da baya, don ƙwan a fili suke, hankaka kuma ba ta nisa.

Mutanen Nguru da Haɗejia ba sai sun zo Ghana ba. Yana nan a fadamunsu, su duba bakin ruwa marar zurfi.