Inda na kwana da sabar nan mai gigabait ɗaya

Jama'a, ya sanyin Jos? Ga inda aiki ya tsaya a kan manhajar yanar gizo da nake haɗa wa Kawu da Django (kayan gina manhaja na yaren Python), wadda yake rubuta odar dankali da kabeji a kasuwar Farin Gada. Har yanzu tana kan ƙaramar VPS (sabar haya a intanet) mai tsarin Ubuntu Linux, RAM (ma'ajiyar da kwamfuta ke aiki a cikinta) gigabait 1, CPU ɗaya. Da dala ake biyan hayarta, saboda haka maganar ƙara girma ba ta taso ba tukuna.

Matsalar da nake fama da ita, shafi ya riƙa nuna kuskuren 502 da yamma maimakon ya buɗe, an gano bakin zarenta. Na buga journalctl -k don duba rahoton abin da ya faru a tsarin, sai ga layi ƙarara: "Out of memory: Killed process", da sunan gunicorn, wato shirin da ke gudanar da manhajar, a gabansa. Wato idan RAM ta ƙare ƙaf, Linux da kansa yake zaɓar wanda ya fi cin wuri ya kashe. Nginx, mai karɓar saƙon masu buɗe shafi ya miƙa wa Gunicorn, na nan lafiya, wanda zai miƙa wa saƙo ne ya faɗi.

Kafin ku tsorata da free -h, umarnin da ke nuna yawan RAM da ta rage: kada ku dubi layin free, ku dubi available. Linux na ajiye fayiloli a RAM ɗin da ba a amfani da ita, kuma yana sakinta da zarar an nema.

Abin da ya fi ɗaukar mini hankali shi ne lissafin ma'aikata, wato shirye-shiryen da Gunicorn ke tadawa don amsa saƙonni. Takardun Gunicorn sun ce a ninka yawan CPU sau biyu a ƙara ɗaya, ni ke nan uku. To amma wannan lissafin CPU ne, bai san nawa RAM ɗinka take ba. Kowane ma'aikaci da nasa kwafin manhajar yake zama. Na duba su a htop, a layin RES mai nuna RAM ɗin da kowanne ke ci: da safe kowanne wajen megabait 150. PostgreSQL, wato rumbun bayanai, na gefe, shared_buffers ɗinsa (RAM ɗin da yake keɓe wa kansa) kaɗai megabait 128 ne tun daga tushe, ga kuma tsarin kansa. Da ƙyar aka shige, kamar Keke Napep ɗin da ya cika tun daga Terminus. Ana yin la'asar Kawu zai danna rahoton ciniki na Excel, ma'aikaci ɗaya ya kumbura ya haura megabait 400, kuma ko ya gama ba ya komawa yadda yake, domin Python ba kullum yake mayar wa tsarin abin da ya karɓa ba.

Na mayar da ma'aikatan biyu. Na sa --max-requests 500 da --max-requests-jitter 50, yadda kowane ma'aikaci zai sauka a tada sabo bayan ya yi aiki kaɗan, kuma ba za su sauka a tare ba. Na ƙara --preload domin su yi tarayya a abin da aka loda tun farko. Shi kuwa rahoton, na sa iterator() yana jawo layuka kaɗan-kaɗan maimakon ya kwaso na wata guda gaba ɗaya. A ganina wannan ya fi duk sauran amfani.

Swap ma na yi, wato wuri a faifai da ke tsaya wa RAM idan ta cika, gigabait 1: fallocate, chmod 600, mkswap, swapon, sannan layi a fayil ɗin fstab don ya tsira bayan an sake kunnawa. Swappiness, ma'aunin saurin da Linux ke komawa ga swap, na sauke daga 60 zuwa 10. Wasunku na cewa swap magani ne. Ban yarda ba. Faifai ya fi RAM nauyin jiki nesa ba kusa ba, numfashi kawai yake ba ka kafin ka gyara.

Masu gudanar da manhajar PHP da PHP-FPM, naku saitin yawan ma'aikatan sunansa pm.max_children, lissafin ɗaya ne: abin da ya rage a RAM, a raba da nauyin ma'aikaci ɗaya.

Mako mai zuwa zan gwada MemoryMax, saitin da ke sa wa manhaja iyakar RAM, a systemd (mai tada shirye-shirye a Linux), don in manhajar ta sake haukacewa ita kaɗai ta faɗi, kada ta ja rumbun bayanai. Wanda ya taɓa sa shi tare da Gunicorn, ya gaya mini adadin da ya tsaya a kai.