Wayne Shorter da mutanensa uku

Duk sanda wani ya ce min wai kiɗan jaz hayaniya ce kawai, kowa na buga abin da ya ga dama, ƙungiya ɗaya nake fara tura masa ya je ya saurara, wato ƙungiyar mutum huɗu da Wayne Shorter ya haɗa a shekarar 2000. Shi Shorter mai busa saksafon ne, wani irin ƙahon ƙarfe, an haife shi a Newark ta jihar New Jersey a Amurka a 1933, kuma lokacin da ya haɗa mutanen nan ya riga ya haura shekara 65, ya gama yin suna tuntuni. Ya yi aiki da manyan makaɗan jaz, Art Blakey daga 1959, ya koma wajen Miles Davis a 1964, daga baya shi da Joe Zawinul suka kafa ƙungiyar Weather Report. Mutum irin wannan in ya so sai ya yi ta maimaita tsofaffin kiɗansa har ƙarshen rayuwa ana tafa masa, amma sai ya je ya ɗauko matasa uku da ya isa ya haife su, suka hau dandali suna ƙirƙirar kiɗa nan take a gaban jama'a ba tare da sun san inda za su sauka ba.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne gidajen da mutanen nan suka fito, don ni a kunnena kana jin gidan kowa a hannunsa.

Mai ganga Brian Blade, ɗan Shreveport ne a jihar Luwiziyana, haihuwar 1970, mahaifinsa fasto ne a cocin Zion Baptist kuma a cikin cocin nan yaron ya fara zama kan ganguna. To wanda ya taso yana kiɗa a bayan masu waƙar coci dole ya koyi jira, ya koyi sanin lokacin da zuciyar mutane ta fara tashi da lokacin da ya kamata ya ja baya, kuma wallahi haka yake yi a ƙungiyar nan. Ka kalli bidiyonsu, sai ka ga ya daɗe yana ɗan shafa farantin ƙarfen da ke cikin kayan gangarsa a hankali kamar ba ya wurin, kansa a sunkuye, can kwatsam sai ya daki ganga da dukkan ƙarfinsa har ya ɗan taso daga kujera yana dariya, sauran ukun su waigo suna murmushi, shi kenan kiɗan ya juya wata hanya daban. Ya yi aiki da Joni Mitchell da Bob Dylan ma, mutanen da kalmomin waƙa ne jarinsu, ina ganin can ya ƙara koyon yadda ake barin murya ta sha iska.

Danilo Pérez mai piyano kuwa daga Panama yake, an haife shi a 1965, babansa mawaƙi ne kuma malamin makaranta, tun yana ɗan ƙanƙani ya fara koya masa kiɗa. Ya yi karatu a kwalejin kiɗa ta Berklee da ke Boston, ya zauna a babbar ƙungiyar shahararren mai busa Dizzy Gillespie, kuma shi ya kafa bikin jaz na Panama a 2003. Hannunsa na hagu cike yake da kiɗan yankinsu, irin wanda asalinsa ya haɗo Afirka da Sifen, amma a wajen Shorter ba ya zubo shi gaba ɗaya, gutsuttsura shi yake yi, ya ɗan nuna maka ya ɓoye. Ya sha ba da labarin yadda Shorter ya taɓa ce masa ya zuba wa sautukansa ruwa, ya tafi yana ta tunanin me dattijon nan yake nufi. Haka Shorter yake koyarwa, ba zai ce maka buga kaza ba, magana zai jefo maka ka je ka kwana da ita.

Sai John Patitucci, ɗan Buruklin a birnin Niyok, zuriyar Italiyawa, haihuwar 1959, shi ke riƙe da bas, ƙaton kayan kiɗan nan mai tsirkiya huɗu da ake tsayar da shi a ƙasa. Duniya ta san shi ne tun yana tare da mai piyano Chick Corea, inda ake yaba masa saboda saurin yatsu. A nan kuma aikinsa ya zama na riƙe ƙasa in sauran sun tashi sama, wani lokaci kuma shi ne ma zai janye ƙasar, ya ɗauko sandar goge ya ja sauti ɗaya mai tsawo, kowa ya sake neman wurin taka ƙafa.

Shi kuma jagoran fa? Nan ne abin ya fi burge ni gaskiya. Saksafon biyu yake zuwa da su, babba mai kaurin murya da ƙarami miƙaƙƙe mai siririyar murya, amma sau da yawa sai ka gan shi tsaye gefen piyano yana sauraro kawai, ya kai ƙahon bakinsa ya fasa, ya sake kaiwa ya hura sauti uku ko huɗu ya tsaya, wani lokacin ma fito yake yi da baki. Mutumin da ya rubuta kiɗan da ɗaliban jaz a duk duniya suke haddacewa, ga shi ya yarda ya yi shiru don yaransa su yi magana. Kuma ba wai babu rubutu ba, akwai takardun kiɗansa a gabansu, sai dai ba a bin su daga farko zuwa ƙarshe, wani zai tsinko layi ɗaya daga tsakiya ya jefo, in sauran sun karɓa a tafi da shi, in ba su karɓa ba a bar shi nan. Kamar dai hirar tsofaffin aminai ce, ba mai cewa yanzu layinka ne.

Ina ganin rayuwarsa ma tana ciki. Matarsa Ana Maria ta rasu a hatsarin jirgin sama na TWA 800 a 1996, shekara huɗu kacal kafin ya haɗa ƙungiyar, kuma ya daɗe yana bin addinin Buddha. Ni dai in ina sauraronsu ina jin mutum ne da ya san cewa ba a shirya wa gobe, don haka bai ga dalilin ɗaure kiɗa da igiya ba.

Ba zan ɓoye ba, kiɗan nan yana son haƙuri. Akwai mintunan da za ka ji kamar laluben juna kawai suke yi, ba a zuwa ko'ina, kuma wanda yake neman abin da zai kaɗa kai a kai tun daga minti na farko zai iya gajiya. Amma laluben nan shi ne kuɗin da ake biya, in suka haɗu a wuri ɗaya su huɗun sai tsigar jikinka ta tashi, don ka san ba a tsara shi ba kuma ba za a sake yin irinsa daidai ba. Shi ya sa ma yawancin faya-fayansu a gaban jama'a aka ɗauka, Footprints Live! a 2002, Beyond the Sound Barrier a 2005, Without a Net a 2013.

Rashin lafiya ta sa Shorter ya daina hawa dandali a 2018, ya rasu a Los Anjalis ranar 2 ga Maris 2023 yana da shekara 89. Mutanensa ukun tun 2015 suka fitar da faifai su kaɗai da sunan Children of the Light. Wanda bai taɓa jin su ba, ya fara da na 2002 ɗin nan, ya fi sauƙin shiga, kuma in da hali ya nemi bidiyo, don ganin yadda suke kallon juna yana taimaka wa kunne sosai.