Ba taurin kai ne ya kai su bakin kogi ba

Shekaranjiya na leƙa gidan Yaya a Rafin Guza, cikin garin Kaduna, bayan ruwa ya janye, wallahi jikina ya yi sanyi. Shatin taɓo a bango ya kawo min ƙugu, katifu shanye a kan kwano, littattafan yara sun jiƙe sun manne, matarsa tana kwashe laka da faranti tana cewa ai bana ma da sauƙi. Da sauƙi fa!

Na ce Yaya don Allah ku tashi daga nan. Ya ce in koma ina, kin san nawa ake ba da ciki da falo a Malali yanzu? Na rasa amsa.

Duk damina haka ake yi, a yi ta sanarwa a rediyo cewa mutanen Kigo Road da Bashama Road da Nasarawa su kauce wa kogin Kaduna, sai ka ji ana cewa taurin kai ne da su, alhali sun ga ambaliyar 2003 da ta 2012 da idonsu. Amma fulotin fadama ne kawai aljihun talaka ke iya kaiwa, dillali ya nuna maka da rani wuri busasshe ƙayau, a rubuta takarda gaban mai unguwa shi ke nan. To fadamar nan kuwa ita ce makwancin ruwa, in ka cike ta da jar ƙasa ka ɗora bulo, ɗakin maƙwabcinka zai nufa.

Tun 1967 wani Bature mai tsara birane, Max Lock, ya zana wa Kaduna tsarin gari, lokacin wa ya san unguwar Rigasa za ta cika ta batse haka? Dokar filaye ta 1978 kuma ta sa ƙasa amana a hannun gwamna, ga hukumar filaye ta KADGIS ga hukumar tsara birane ta KASUPDA, ikon dai akwai shi. Ni abin da nake roƙo, kafin a shafa jan fenti a zo da rusau, a yanka ƙananan fulotai a tudu, wajajen Rigachikun ko Millennium City, a ja titi da lambatu da ruwan famfo tukuna, a bar mutum ya riƙa biya kaɗan-kaɗan. Kuma a sa motocin haya, don in kuɗin keke zuwa kasuwa zai cinye ribar yini, wallahi dawowa za su yi. Bakin kogin a bar wa masu lambu da itatuwa.

Yaya dai ya sayo bulo da siminti buhu ɗaya, gobe zai ƙara wa dokin ƙofa tsayi.