Kwana biyu muna jiran orka a tsibirin San Juan

Bikin kammala karatun 'yar ƙanena ne ya kai ni Siyatil, a jihar Washinton da ke arewa maso yammacin Amurka. Da aka watse daga biki sai yarinyar ta ce, "Baffa, ba za ka koma Kano ba sai ka ga orka." Sunan mahaifiyarmu ta ci, don haka ba na kiran sunanta, ba na kuma iya yi mata musu. Na ce, "To Uwata, mene ne kuma orka?" Ta miƙo mini waya. Wata halitta ce baƙa wuluk ta sama, fara tas ta ciki, da farin tabo a bayan ido. Wai Turawa makashiya suke ce mata. Ni da iyakar sanina da ruwa dam ɗin Tiga, na so in zame, amma ashe tun makonni da suka wuce ta kama wa motarta wuri a jirgin fito, don da rani in ba ka yi haka ba sai ka wuni a layi.

Daga Siyatil muka yi kamar awa ɗaya da rabi zuwa Anacortes. Can jirgin ya haɗiye mu da motarmu da motoci fiye da ɗari, ya yi ta kurɗawa da mu tsakanin tsibirai masu duhun itatuwa, fiye da awa guda, kafin ya sauke mu a Friday Harbor, garin da shi ne hedikwatar tsibirin. Ƙaramin gari ne, a ƙafa ma ka zagaye shi kafin shayinka ya huce.

A gidan tarihin dabbobin teku na garin, wanda aka buɗe a 1979, aka fara gyara mini tunani. Orka ba kifi ba ce. Kamar ayu take, tana haihuwa, tana shayarwa, kuma dole ta ɗago sama ta shaƙi iska. Ita ce babba a dangin dabbobin tekun da ake kira dolfin, kuma fiffiken bayan ƙosasshen namiji yakan kai tsayin mutum a tsaye. Waɗanda suka yi suna a wannan ruwa zuri'a uku ce, an raɗa musu J da K da L, kuma tun 1976 ake ƙidaya su ɗaya bayan ɗaya duk shekara. Wani masanin Kanada, Michael Bigg, shi ya gano cewa kowace ana gane ta da siffar fiffikenta da tabon toka-toka da ke bayansa, kamar yadda Bafulatani ke sanin shanunsa. A bango an zana asalinsu, wance ta haifi wance, wane ɗan wance ne. Na daɗe a gaban wannan zane. Namiji ba ya barin uwarsa har mutuwa. Mace takan daina haihuwa wajen shekara 40, ta ƙara rayuwa shekaru masu yawa, kuma a shekarar da abinci ya yi wuya kakar ce ke shiga gaba, don ita ta san inda kifi ke taruwa. Kowace zuri'a da irin kukanta, suna jin juna amma da bambanci, kamar Kananci da Sakkwatanci. Na ce wa Uwata, "Ai waɗannan gidan gandu ne, sai dai Hajiya Babba ce maigida." Ta yi dariya har wata Baturiya ta juyo.

Dariyar ba ta yi nisa ba. Duka zuri'ar ukun saba'in da 'yan kai suka rage, kuma tun 2005 gwamnatin Amurka ta sa su cikin halittun da ke gab da ƙarewa. Kifi kawai suke ci, mafi yawa wani babban salmon da ake kira cinuk, shi kuwa madatsun ruwa da yawan kamu da lalacewar koguna sun rage shi ainun. Ga ƙarar injin jirage, alhali su da sauti suke farauta, su yi kira su saurari amsa-kuwwa. Ga kuma tsohon tabo: a 1970 an kewaye su da taru a wani lungun teku da ake kira Penn Cove, aka kwashe 'ya'yansu aka sayar wa gidajen wasa. Ɗaya daga ciki, Tokitae, a cikin kwatami a Miyami ta ƙare rayuwarta a 2023, bayan shekara 53. Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce J35, da ake kira Tahlequah. A 2018 'yarta ta mutu jim kaɗan da haihuwa, ta ɗora gawar a goshi tana turawa, ta nutse ta ɗauko, har kwana 17. Ban ce komai ba da na karanta wannan. Duk wanda ya taɓa zaman makoki a ɗakin mai jego ya san abin da ya zo mini.

A gefen yammacin tsibirin muka kwana, a sansanin masu yawon shan iska. Har yanzu abin yana ba ni mamaki: mutane masu gidajensu da katifunsu su biya kuɗi don su kwanta a ƙasa. Mun fi rabin awa muna kokawa da tanti kafin wani dattijo maƙwabcinmu ya zo ya nuna mana ashe a juye muka sa sandunan. Watan Yuni ne, rana ba ta faɗi ba sai bayan tara na dare, muka yi magariba ido na rufewa, ga isha'i can gaba, ga asuba ta biyo ta a guje. Ruwan alwala kuwa kamar daga firji. Wai rani ke nan.

Da safe aka sa ni a wani siririn kwalekwale na mutum biyu, aka ɗaura mini rigar ceto, aka ba ni filafili. Mai yi mana jagora ta ce sanyin ruwan bai wuce digiri 10 ba, wato in ka faɗa, sanyi zai riga iyo gamawa da kai. Na ce Uwata ta yi tuƙi, ni zan riƙe addu'a. Mun bi ta kan wata ciyawar teku mai tsawo kamar bulala, wata dabba da suke kira sil ta leƙo da kai kamar na kare ta ƙare mana kallo. Orka kam ko alama. A hanyar komowa muka ratsa ta wurin da sojojin Amurka da na Ingila suka ja daga a 1859 saboda wani manomi ya harbe alade. Shekara 12 suna zaune a tsibirin, har Sarkin Jamus ya raba gardama a 1872 ya ba Amurka. Ban da aladen ba wanda aka kashe.

Sauran lokacinmu duk a Lime Kiln muka ƙarar da shi. Wasu baƙaƙen duwatsu ne a bakin mashigin Haro, da hasumiyar fitila da aka gina a 1919, kana hango tsibirin Bankuba na Kanada a tsallake. Ruwan yana da zurfi tun daga gindin dutse, shi ya sa orka kan wuce kusa har mutum ya gan su daga tudu. Wannan ya fi kwanta mini a kan bin su da jirgi, tunda doka ma yanzu ta ce jirgi ya ba zuri'ar nan tazarar yadi 1,000. Mutane na zaune jingim da tabaran hangen nesa, ba mai ɗaga murya. An sa na'urar sauraro a ƙarƙashin ruwa, amma abin da muke ji kawai gurnanin manyan jiragen kaya. Wata mai aikin sa kai ta nuna mana allon da suke rubuta ranar da aka ga kowace zuri'a. Ta ce da, da rani kusan kullum sai sun wuce, yanzu kuwa sai a yi makonni, sun tafi neman abinci a wani wuri. Ranar farko muka zauna har la'asar sakaliya. Rana ta biyu ma haka. Fulas ɗin shayi ya ƙare, gindi ya yi tsami, na fara lissafin kuɗin jirgi a zuci.

Muna naɗe darduma ne na ji shi. Kunne ya riga ido: wani huci mai ƙarfi, fuuu, kamar an kwance tayar babbar mota. Sai ga baƙin fiffike ya keto ruwa a tsaye, yana ta fitowa kamar ba zai ƙare ba. Wasu uku suka biyo, da wata 'yar ƙarama manne da gefen uwarta, in uwar ta nutse ta nutse, in ta ɗago ta ɗago. Uwata ta damƙe hannuna tana cewa, "Baffa, ga su! Baffa!" Ni bakina tasbihi kawai yake yi. Ban ko tuna da waya ba.

Na juya na tambayi matar ko su Tahlequah ne. Ta girgiza kai. Ta ce waɗannan wasu ne daban, masu cin sil, waɗanda aka sa wa sunan Bigg. Ba sa aure da waɗancan, ba sa kuka irin nasu, kuma su suna ƙaruwa don abincinsu ya wadata. Ta ce in saurari na'urar. Shiru. A ɓoye suke farauta, kada abin kamu ya ji su. Na tuna da mai kan karen nan da ya leƙo mu a kwalekwale.

Ba su yi minti goma ba suka yi arewa. Matar ta ɗauki alli ta rubuta lokaci da adadinsu a allo. Layin J da K da L kuwa ta bar shi da kwanan watan da muka tarar.