Tattabaru, marina, sai kuma allura

Ni ne mai riƙe littafin lissafi a wani shagon atamfa da shadda a Kantin Kwari. Daga hantsi zuwa magariba ba abin da nake gani sai turmi nawa ya fita, dila nawa ta shigo, wane ɗan Nijar ya biya, wane ɗan Chadi ya ce sai ya dawo. Idan na koma gida kuma, sai waya har barci ya sace ni. Wata rana mahaifiyata ta dube ni ta ce, "Kai dai ba ka da abin yi sai latse-latse?" Maganar ta tsaya mini a rai.

Ƙwallo na fara komawa. Sati uku, gwiwa ta ce ba ta san zancen ba.

Sai kiwon tattabaru. Na haɗa musu ɗaki a saman soro, na sayi gero da dawa. Gaskiya akwai daɗi: tattabara ƙwai biyu take yi, mace da namiji su riƙa karɓa-karɓa wajen kwanci, cikin kwana 18 ko kusa da haka a ƙyanƙyashe. Amma ran da 'yan shila na farko suka yi gashi, wani abokina ya zo ya ce, "Nawa za ka sayar?" Shi ke nan. Ban ankara ba na buɗe musu nasu littafin, ina lissafa kuɗin hatsi da riba. Na bar shago na dawo gida na tarar da wani shagon. Mu Kanawa wannan ciwon namu ne, ko tsuntsu muka gani a sama sai mun yi masa kuɗi. Da mage ta cinye mini guda huɗu, abin da ya fara zuwa raina asara ce, ba tausayi ba. A nan na san na ɓata abin da kaina, na raba sauran ga yaran unguwa.

Na ɗan leƙa marinar Ƙofar Mata, wadda aka rubuta a ƙofarta cewa tun 1498 take. Na ga yadda ake haɗa baba da toka da katsi a rami a bar su su ruɓa, a tsoma ƙyalle a ɗaga ya sha iska, a sake tsomawa, launin yana komawa shuɗi a gaban idonka. Ya burge ni ƙwarai, amma wannan sana'ar gado ce mai cin yini guda, ba abin da ɗan kasuwa zai yi bayan la'asar ɗin Juma'a ba.

Ɗinkin hula kuwa ban neme shi ba. Akwai wani dattijo a lungunmu da kullum yake zaune a dakali da allura da zare. Na gaishe shi na zauna, na ce, "Baba, ko za a koya mini?" Ya ce, "Yaro, kana da haƙurin warwara?" Ban gane ba sai daga baya.

Hula zane ake fara yi a kan farin yadi, sannan a bi shi da zare, ɗinki bayan ɗinki, har makonni. Wata rana na tsallake gida ɗaya ban lura ba, na yi gaba kusan taƙi guda. Da na gano, sai na so in ɗan karkata zaren in rufe ɓarakar. Baba ya karɓa, ya ɗaga ta a hasken rana, ya miƙo mini. "Koma inda ka ɓata. In ka rufe a nan, can gaba za ta tona maka asiri." Aikin kwana biyu na warware, raina kamar ya fita.

Abin mamaki, a shago wannan magana ta fi yi mini amfani. Da can idan lissafi ya ƙi daidaita da dubu biyu ko uku, sai in rubuta "sauran kashe-kashe" in rufe littafi, ƙarshen wata kuma a yi ta kame-kame a gaban maigida. Yanzu shafi-shafi nake komawa baya har in kama inda na rubuta turmi 12 a maimakon 21. Alhaji ya lura, har ya ce, "Malam, kwanan nan littafinka ba ya ciwon kai."

Hular farko wata biyu ta ɗauke ni, kuma gefe ɗaya ya ɗan fi ɗaya tsawo. Na kai aka wanke aka buge ta, na sa ranar Juma'a. A bakin masallaci wani maƙwabcinmu a kasuwa ya taɓa ta ya ce, "Kai ka ɗinka? To nawa za ka yi mini irinta?"

Na ce masa ba na sayarwa ba ce. Ya yi dariya, ya ɗauka ciniki nake ja.