Godiya ga mutanenmu na Istanbul

Assalamu alaikum jama'a. Alhamdulillahi mun dawo gida lafiya da Hajiya, aikin gwiwa ya yi kyau, yanzu har tana takawa da sanda zuwa bakin ƙofa. Tun a jirgi nake ta son in rubuta wannan godiyar amma gajiya da 'yan sannu da zuwa suka hana, to yau dai ga ni.

Duk wanda ya taɓa jinya a ƙasar da ba ya jin yarensu ya san abin da nake nufi. Mu ba asibitin ne ma ya fi ba mu wahala ba, abinci ne. Hajiya ta ƙi cin komai nasu, a kawo miya ta ce ruwa ce, a kawo burodi da zaitun da cuku da safe ta kalle ni ta ce yanzu wannan shi ne karin kumallo? Sai shayi kawai, shi ma tana mita wai kofin kamar na wasan yara. Allah ya haɗa mu da wani ɗalibi ɗan Katsina da ke karatun digiri na biyu a can, matarsa ce ta riƙa tuƙo tuwon shinkafa da miyar kuka, shi kuma ya ɗauko kula tun daga Uskudar da ke ɓangaren Asiya na birnin ya hau jirgin ruwa ya tsallako mana da shi ɓangaren Turai, ga sanyi ga karatu a gabansa. Baiwar Allah, ba ni da bakin gode miki wallahi.

Ranar da likita ya ce za mu iya tafiya, Yaya ya bugo daga Kano ya ce lallai a kai Hajiya waje mai kyau ta ci abinci tare da duk wanda ya yi ɗawainiya da mu. Alhazanmu 'yan kasuwa da ke sarin kaya a Laleli su suka zaɓi Hacı Abdullah a Beyoğlu, gab da masallacin Ağa, saboda ba a sayar da giya a ciki. Gidan abincin tun 1888 yake, zamanin Sultan Abdulhamid na biyu, wato tun kafin Turawa su ci Kano a 1903 suke dafa abinci. Tasi ba ta shiga titin Istiklal sai ɗan jan taragon nan, haka samarin nan suka riƙa karɓa-karɓa wajen tura keken Hajiya cikin cunkoso tana ta sa musu albarka.

Muna shiga ta tsaya kallon manyan kwalabe jere a bango cike da 'ya'yan itace da aka jiƙa, ta ce su kuma waɗannan tsimi suke yi? Aka kawo ayran ta kurɓa ta ce nono ne aka sa wa gishiri, ina furar. Amma da aka ajiye hünkar beğendi, naman rago ne da ya dahu luguf an zuba shi kan gasasshen yalo da aka dama da madara da man shanu, yana ɗan ƙamshin hayaƙi, sai muka ji shiru. Ta ɗauki cokali ta ajiye, ta ce a ba ta ruwa ta wanke hannu. Da hannu ta cinye tas, ta sa burodi ta suɗe kwanon. Ni dai kallonta nake ina ɓoye hawaye, rabon da in ga ta ci abinci haka tun kafin mu baro gida. Dattijon da ke hidima da teburinmu da ya gani sai ya dafa ƙirji yana murmushi, ba Hausa ba Turkanci amma sun fahimci juna.

Sai abin kunya. Aka kawo bil na miƙa katin bankina na gida ya ƙi, aka sake ya ƙi, alhali kuɗin na ciki, ga lirar da ke aljihuna ko rabi ba za ta kai ba. Zufa ta karyo min a cikin sanyin nan. Kafin in juya wani Alhaji ɗan Kantin Kwari da ranar ce ma na fara ganinsa ya tashi kamar zai je wanke hannu, ashe biya ya je ya yi.

Allah ya saka muku da alheri ku duka, ɗalibai da 'yan kasuwa da wanda ya riƙa yi mana tafinta wajen likita da masu kira da masu addu'a daga gida, Allah ya jiƙan iyayenku ya ba masu karatu sa'a. Alhaji kai kuma na san za ka ga wannan, sau uku ina tura maka saƙo ka turo lambar akawun kana turo min addu'a. Hajiya ta ce in ka ƙi to ka sani tana nan tana jiranka da tuwo ranar da ka shigo Kano, kuma ba ta karɓar uzuri.