Wuta Ta Ɗauke, Amma Yatsana Ne Ya Yi Ɓarnar

Ranar Laraba da la'asar na leƙa ɗakin sabar, wato manyan kwamfutocin da ke riƙe da fayilolin ma'aikata, a ofishinmu da ke Wuse, na tarar da yaron da aka turo mana hidimar ƙasa ya duƙufa a kan kwamfuta. Waya a hannun hagu tana nuna masa bidiyon YouTube, yatsan dama yana shawagi a kan madanni. Na duba allon, ya riga ya rubuta xfs_repair -L, umarnin gyaran faifan kwamfuta mai haɗari, dannawa kawai ta rage. Ban san lokacin da na cafke masa wuyan hannu ba. Ya ce, "Oga, ai injin ne da kansa ya ce a yi haka." Na ce, "Ɗana, ni ma abin da na faɗa ke nan a 2014."

A lokacin ina aiki a wani ofishi a Garki. Fayilolin ma'aikata gaba ɗaya suna kan GlusterFS, manhajar da ke haɗa sabar da yawa su zama rumbu ɗaya. Namu sabar biyu ne, kowane fayil da kwafi a nan da kwafi a can. Ni na kawo tsarin, ni na bugi ƙirji gaban shugabanni cewa ko ɗaya ta mutu aiki ba zai tsaya ba. Red Hat, wani babban kamfanin manhaja, ta sayi kamfanin Gluster tun 2011, ni kuwa ina ta ambaton haka kamar wata layar tsari.

Wata Juma'a da damina wuta ta yi ta wasa. Da safe sabar ta biyu ta faɗi na ɗan lokaci ta dawo. Kafin ta gama kamo abin da ya wuce ta, aka sake ɗauke wuta, janareta ya yi jinkirin tashi, ta farko ta mutu ɗungurungum. Batiran da ya kamata su riƙe ta sun daɗe da lalacewa, kuma sau uku ina rubuta takarda a canja su. Ina da kwafin takardun har yau, duk da ban san wa zan nuna wa ba.

Da na dawo daga masallaci na kunna ta, faifan ya ƙi buɗuwa. XFS, tsarin da ke jera fayiloli a kan faifan, yana da wani ɗan kundi da yake rubuta aikin da aka fara ba a gama ba, don idan wuta ta yanke ya ƙarasa. Wannan -L share kundin nan yake yi. Gargaɗi ma ya fito a fili cewa hakan na iya jawo ɓarna. Na karanta shi. Wallahi na karanta. Amma shugaban sashe yana tsaye a bayana yana kaɗa makullin mota, albashi kuma ranar Litinin za a tura. Na danna. Faifan ya buɗe, sai ga tarin fayiloli sun zube a lost+found, ma'ajiyar tsintattun fayiloli, babu suna, sai lambobi.

Da a nan na tsaya, da sauƙi, domin ta biyu tana nan lafiya lau. Sai na mayar da gurguwar cikin tsarin. Nan take wasu fayiloli suka ƙi buɗuwa: kowace sabar tana cewa nata ne daidai, na 'yar'uwarta ne tsoho. Rabuwar ƙwaƙwalwa ake ce wa wannan, kuma mutum biyu suna gardama babu na uku, wa zai raba? Gyaran a wancan zamani da hannu ne, ka zaɓi kwafin da ya lalace ka goge shi. Na zaɓi in gaskata ta farko, don ita ce sabuwa, ita muka saya da tsada. Dalilina ke nan, ba wani ba. Na goge na ta biyu, wadda ita ta karɓi aikin mutane duk tsakar ranar.

A yi mini adalci dai: ɗan raba gardama da ake ƙarawa a matsayin na uku sai a 2015 ya shigo GlusterFS, kuma kuɗin sabar uku ba a ba ni ba. To amma kwafin ajiya fa? Da na je gare shi, ashe faifansa ya cika tun makonni biyar baya, yana ta aiko da saƙon kuka cikin akwatin da ba na buɗewa. Wannan kam ba ni da wanda zan ɗora wa.

Wadda ta biya bashin ita ce Hajiyar sashen kuɗi. Kwana tara tana zaune da tulin takardu, ta ɗora rula a ƙarƙashin kowane layi, ta karanta, ta buga, ta matsar da rular. Ko sau ɗaya ba ta yi mini faɗa ba. Idan na wuce sai ta ce, "Injiniya, sannu da ƙoƙari." Da mari ta yi mini da ya fi mini sauƙi.

Na yi niyyar in jero wa matasa shawara goma, amma da na zauna sai na ga ba su kai ba. Idan sabar ta faɗi, cire hannunka. Kada ka gyara faifan da ba ka kwafe ba. Ka sa manhajar kwafa ta ddrescue ta kwashe shi zuwa wani faifan, ka yi wasanka a kan kwafin. Ko da yake kada ka ce na ce ka zauna kana kallo, domin faifan da ya fara ƙara mutuwa yake yi, kowace awa asara ce. Ka yi sauri. A'a, ka yi sauri wajen kwafa kawai.

Sai mai lafiyar: ware ta, kada ka haɗa ta da gurguwa sai ka tabbatar wace ce ke riƙe da sabon aiki, ta duba lokacin da aka taɓa fayilolin, ba ta farashin injin ba. Kwafi biyu a tsari ɗaya kuma ba ajiya ba ce, abin da ka goge a nan zai gogu a can.

Na so in ce ku riƙa tambayar manya, sai na tuna a ranar na buga wa wani babba waya, shi ya ce in danna. Duk da haka ku tambaya. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya da yaran yanzu shi ne, gargaɗi layi huɗu ba za su iya karantawa ba, amma su kwashe umarni daga intanet su zuba a injin da ke ɗauke da albashin mutane. Ni aƙalla na karanta kafin in yi wautata, ko da yake Hajiya ba za ta ga bambancin ba.

Yaron dai na sa shi ya ɗauko faifai daga sito muka fara kwafa. Har aka kira magariba bai kai rabi ba. Ya dube ni ya ce, "Oga, motar Kubwa fa tana wahala da dare." Na miƙa masa kuɗin shayi da burodi, na jawo masa kujera.